Wanda Bai Ci Tuwonsu Ba

Sati huɗu ke nan ana cewa an saki ruwa daga Mashigin Gamji, sati huɗu kuma mutanen Kwarin Tsamiya suna sauka Rafin Kurma su tarar da yashi fari fat, ko kaza ba za ta sami abin jiƙa baki ba. Albasa ta fara kwantar da kai a fangali, bakin ganyenta ya ƙone. Da ɗan abin da ake kwalfa a rijiyoyin gefen rafi ake lallaɓa ta, su ma kullum ƙara ja da baya suke yi.

Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne akwai takarda. Bara aka zauna, ƙananan hukumomi huɗun da rafin ya ratsa, Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, aka kafa kwamiti guda, aka sa hannu, har hoto aka ɗauka ana musabaha, kowa na murmushi kamar ba shi ne ya fasa kan wani a shekarun baya ba. Mutanen Doguwa za su bar sare itatuwan da ke bakin rafin. Mutanen Mashigin Gamji, da madatsa take hannunsu a ƙasar Tudun Wada, za su buɗe ƙofarta duk Litinin su bar ta kwana uku. 'Yan Kiru da ke tsakiya ba za su ta da inji a ranar farko ba sai ruwa ya wuce. Su kuwa na Kwarin Tsamiya, da suke can ƙarshe a ƙasar Bebeji, cewa aka yi su daina barin ana ɗibar yashi a cikin rafi, suka ce wannan ai mai sauƙi ne. Da suka kai ƙara cewa ruwa ba ya isowa, Injiniya Bahijja, sakatariyar kwamitin, ta aiko cewa su tura mutum ɗaya ya zauna a madatsa ya gani da idonsa, ranar Alhamis ya zo garin Yako, inda kwamitin zai zauna, ya faɗa a gaban kowa.

A wurin ciyayya aka yanke wanda zai je. Duk magariba mazan unguwa suna haɗuwa a ƙofar gidan Sale, shugaban masu noman rani na garin, kowa da langar gidansa, a jera su a tsakiyar tabarma, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo ta gaba. Langar Mudi, ƙanin Sale, ita ake fara jawowa, don matarsa Asabe ta iya miyar kuka, har tsokanarsa ake yi wai saboda miyar ake haƙuri da halinsa. Ranar ma ita aka fara suɗewa, sannan Sale ya wanke hannu ya ce Mudi ne zai je.

Ba wanda ya yi musu. Mudi gajeren mutum ne mai taurin kai, ba shi da faffaɗar gona, ba shi da shanun huɗa, babur ɗinsa ma sai an tura. Abu ɗaya yake da shi a garin nan, in ya ce ya gani to ya gani, ba a sake tambayar wani. Ban da haka kuma ba mai fargabar zai ji tausayin mutanen sama. Shekara uku da suka wuce, kafin zancen kwamiti, an yi wani faɗa a bakin madatsa, Mudi ya sassare mesar injin Uzairu, mai kula da ƙofar ruwan, shi kuma Uzairu ya cire masa haƙorin gaba da ƙotar fartanya. Giɓin yana nan, kuma duk sa'ad da aka ambaci Mashigin Gamji sai ka ga harshen Mudi ya tafi wurin.

"Abu ɗaya zan gaya maka," in ji Sale. "Kada ka ci musu komai. Ko goro suka miƙo, ka ce ka gode."

"Haba Yaya, ni za a tuna wa wannan?"

A yankin nan tun kaka da kakanni, wanda ya sa hannu a kwanon mutum ba a karɓar shaidarsa a kan mutumin. Ba a rubuta haka a takardar kwamiti ba, amma ya fi duk abin da aka rubuta ƙarfi a zukatan mutane.

Asabe ce ta ɗaure masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ta cika masa jarka da ruwan randarta. Tana ɗaurewa ta ce, "Malam, matar da za ta dafa ta aiko maka ka mayar mata, ita me ta yi maka?"

"Matar Uzairu ce."

Ta ce to, ta ci gaba da ɗaurin. Ranar Asabar da hantsi ya hau babur ya bi sabuwar hanyar da ta haɗa garinsu da titi, wadda aka zuba wa marmara bayan girbi, sumul ba gargada, yana tafe yana sa wa yayansa albarka, don Sale ne ya nemo ɗan kwangilar da ya yi ta.

Uzairu na tsaye a kan madatsa ya iso, dogo siriri mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma. Ya dubi babur ɗin, bai dubi mai shi ba, ya ce, "Sannu da zuwa."

"Yauwa."

A ƙasar da ake tambayar lafiyar mutum har ta akuyarsa, gaisuwar ba ta wuce nan ba, kuma duk wanda ke wurin ya gane. Uzairu ya ce an share masa ɗaki a zaure, Mudi ya ce masallaci ya ishe shi. Ya shimfiɗa buhu a gindin gamjin da ke kallon ƙofar ruwa, ya ajiye jarkarsa da ƙullinsa, ya zauna ya kafe ƙofar da ido kamar za ta gudu. Alwala kam da ruwan madatsa yake yi, don a ganinsa wannan ba na uban kowa ba ne, rabonsu ne ma da aka danne.

Da azahar sai ga Uzairu da kansa ɗauke da langa. Ya dire ta a gabansa ya ce, "Lubabatu ta ce a kawo wa baƙo."

"Na gode, na ƙoshi."

Uzairu ya bar ta nan ya tafi. Shinkafa da wake ce da mai da yaji, ba sai an buɗe ba, hanci ya riga ya faɗa. Mudi ya juya mata baya ya jiƙa garin kwakinsa. Can Uzairu ya dawo, ya ɗaga murfi, ya mayar, ya ɗauka ya wuce. Da magariba tuwo da miyar kuɓewa, haka ta koma. Da safe koko da ƙosai, haka ta koma. Ita kuwa Lubabatu, da bai taɓa ganin fuskarta ba, kamar ta ɗauka girkin ne bai yi masa ba, sai ƙara himma take yi. Ranar Lahadi da rana dambu ta aiko da zogale, da yamma kuwa zabo aka yanka.

Ranar ce kuma akuya ta yi masa ta'asa. Ya shiga sallar la'asar, ya fito ya tarar da wata jar akuya ta yaga ƙullin ta zubar da garin a ƙasa tana lasa, ƙuli-ƙulin kuwa ko ɓurɓushi babu. Da ya tambaya aka ce ta gidan Uzairu ce, sai ya gyaɗa kai, don shi a wurinsa aiko ta aka yi. Haka ya zauna da yunwa yana shaƙar ƙamshin zabo, yana ce wa ransa, wato da zabo za su saye ni. Amma da Uzairu ya ɗaga murfin nan ya daɗe yana kallo kafin ya mayar, maganar Asabe ta faɗo masa. Ya ture ta da cewa ai ba shi ya fara ba.

Litinin gari na wayewa koko ya zo ya koma, na shida ke nan. Uzairu ya hau kan madatsa ya kama sitiyarin ƙofar ya fara murɗawa, ƙarfe na kuka, har sandar ƙofar ta kai jan fentin da Injiniya Bahijja ta shafa a matsayin cikakken buɗi. Mudi ya hau ya sa yatsa a kan fentin, ya leƙa ƙasa ya ga ƙofar a wangame, ruwa na kwarara da ƙarfinsa. Ransa bai so ba. Kwana biyu ya yi yana ƙin abincinsu don ya kama ɓarayi, ga shi an bar shi da fenti a yatsa. Sai ya yi tunanin to a gaba suke sacewa, akwai wata ɓarauniyar hanya da suke karkatar da shi gonakinsu.

"Zan bi shi," ya ce.

"Wa?"

"Ruwan. Ƙafata ƙafarsa har garinmu."

Uzairu ya dube shi, karo na farko ido cikin ido. Ya shiga gida ya fito da malafa da goran fura a rataye. "Ni ma zan bi," ya ce, "kada ka je ka ce a gonata ya kwana."

Wanda bai taɓa bin kan ruwa a busasshen rafi ba ba zai san irin nawarsa ba. Bayan ya bar madatsa da ɗan nisa ƙarfinsa ya mutu, ya zama wani siririn harshe yana tura kumfa da busasshen ganye da kashin shanu a gabansa, yashi na shan rabinsa yana huci kafin ya bar sauran ya wuce. Tsoho mai sanda ma zai riga shi. Mudi ya bar babur ɗinsa a gindin gamji ya bi gaɓar gabas, Uzairu ya bi ta yamma. Duk wata 'yar kwata da Mudi ya gani ta nufi gona sai ya sauka ya caccake ta da sanda, ya same ta a toshe da ƙasa, busasshiya, har ciyawa ta fito a kanta. Uzairu kuwa tsayawa yake yi ya jira shi ya gama, ba ya ko murmushi.

Da hantsi ya ɗaga suka shiga ƙasar Kiru. Manoma na zaune a kan injinansu a kashe, tumatir ya yi laushi a bayansu, suna kallon ruwa na wuce su. Wani dattijo mai furfura ya gane Mudi ya ce, "Kai ne na Kwarin Tsamiya? To kalle shi da kyau. Saboda ku yake wuce tumatirinmu, ku kuma kuna zaginmu a kasuwa." Mudi ya wuce gaba. A mashaya ya ga Fulani sun tare shanunsu da sanduna, shanun na kuka suna turereniya, ba a sake su ba sai da kan ruwan ya yi nisa. Kowa dai yana riƙe da nasa alkawarin, yana riƙe da shi cikin fushi, kuma fushin duk a kan garinsu Mudi yake.

Da rana ta take tsaka yunwa ta fara yi masa wasa da ido. Jarka ta ƙare tuni ya ɗaure ta a baya. Ya zauna a kan wani dutse yana jin ƙasa na juyawa, sai ga Uzairu ya tsallako ta gaban ruwan ya dire goran fura kusa da ƙafarsa.

"Ba don kai ba ne," ya ce. "Don kada ka faɗi a ce mu muka kashe ka."

Mudi ya miƙe a hankali, ya tsallake goran, ya sauka ya kamfaci ruwan rafi mai laka da tafin hannu ya sha. Uzairu ya ɗauki abinsa ya koma gaɓarsa.

La'asar ta yi suka hango giginya uku da ke nuna farkon ƙasar Kwarin Tsamiya, kuma har nan ruwan yana tafe, ya kai idon sawu a bayansu. Bayan giginyoyin rafin ya yi kwana, a nan Mudi ya fara jin wata ƙara kamar ana juye ruwa a rijiya. Ya sha kwanar ya tsaya cak.

Rami ne ya cinye rafin daga gaɓa zuwa gaɓa, faɗinsa ya kusa filin ƙwallo, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. An kwashe yashin, an fasa yumɓun da ke ƙarƙashinsa mai riƙe ruwa, an kai ga tsakuwa. Ruwan da ya wuce tumatirin Kiru da bakin shanun Fulani yana zuwa ya faɗa ciki, ya yi ɗan kwanciya, ya nutse. Sawun katafila da na tipa ya hau gaɓa ya miƙe, kuma Mudi ya san inda ya nufa, don a kan hanyar ya hau babur shekaranjiya yana sa albarka. An ji dai ana cewa a madadin aikin hanya ɗan kwangilar zai ɗebi ɗan yashi a kwanar giginya, 'yan tipa kaɗan. Kwanar tana da nisa da gonaki, ba mai zuwa da rani, kuma ba wanda ya ga dalilin zuwa tunda an riga an san masu laifi.

Sun fi awa guda a zaune, kowa a gaɓarsa. Mudi ya sa ido a kan wani dutse a gindin ramin ko ruwa zai rufe shi, bai rufe ba.

"Giginyoyin nan na wa ne?" in ji Uzairu daga can.

Mudi ya ci gaba da kallon dutsen.

"Tambayarka nake yi, Malam Mudi."

"Ka sani."

"Daga bakinka nake so in ji."

Harshen Mudi ya tafi giɓin. "Namu ne," ya ce.

Da Uzairu ya yi dariya da ya fi masa sauƙi. Bai yi ba. Ya buɗe goransa ya shanye furar a tsaye, ya goge baki, ya juya ya kama hanyar gida.

Kafin magariba Mudi ya ja yayansa cikin zaure ya gaya masa komai. Sale bai yi mamaki ba, kuma wannan ne ya fi kashe wa Mudi jiki.

"Na je na gani tun sati biyu," in ji Sale a hankali. "Ni 'yan tipa kaɗan muka yi da shi. Ina zan san katafila zai kawo? Ka bari damina ta zo ta cike shi, mu gyara abinmu tsakaninmu."

"Albasa ba za ta kai damina ba, Yaya."

"To ka ce rabi suka buɗe. Kwamiti ya matsa musu su ƙara kwana, in ruwan ya yi yawa zai cika ramin ya wuto. Wa aka cuta?"

"Sun buɗe duka. Na sa yatsana a fentin."

"Mudi, ni na riƙe ka tun rasuwar Baba. So kake ka tsaya a gaban mutumin da ya cire maka haƙori ka ce yayanka ne ɓarawon ruwa? Ka san abin da za su riƙa kiran garin nan har jikokinmu?"

Mudi ya sunkuyar da kai. Yana son yayansa, kuma yana jin kunyar da ke tafe tamkar a jikinsa za a zuba ta. Sale ya miƙe ya kaɗe riga, ya tsaya a bakin ƙofa bai juyo ba ya ce, "In ka faɗa, za a tambaye ka abin da ka ci a can."

Talata da Laraba Mudi bai gaya wa kowa komai ba, ya ce sai a Yako. Mutane suka ɗauki shirun nasa a matsayin babban labari. Samari suka fara maganar hayar mota da guduma da za a fasa ƙofar ƙarfen da ita in an tashi daga taro, suna wucewa suna yi masa jinjina. Shi kuwa a gonarsa yake wuni, yana zagaya fangali yana taɓa ganyen da ya bushe.

Ranar Alhamis ajin firamaren da aka ara a Yako ya cika har tagogi. Wakilan ƙananan hukumomi huɗu suna gaba a kan benci, da wani Arɗo daga wajen Falgore a madadin makiyaya, kowane gari ya ware gefensa ana harare-harare. Injiniya Bahijja ta gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baba Mudi, bisimilla, me ka gani?"

Ya miƙe. Bai iya doguwar magana ba, bai kuma yi ba. Ya ce an buɗe ƙofa har jan fenti. Ya ce ya bi ruwa da ƙafa, ba wanda ya karkatar, 'yan Kiru ba su ta da inji ba, makiyaya sun tare shanu. Ya ce ruwan ya shiga ƙasarsu da ransa, a kwanar giginya ya faɗa ramin da aka haƙa da yardarsu, saboda hanyar da dukkansu suke hawa.

Gefen Kwarin Tsamiya ya ruɗe. Sale ya ɗaga hannu aka yi shiru. Bai dubi ƙaninsa ba ya ce, "Ranku ya daɗe, ƙanina ne, amma gaskiya ta fi shi. Mutum ya kwana biyu a garin mutane, guzurinsa an ce akuya ta cinye. To me ya ci? Akwai wanda ya wuce ranar Lahadi ya ga langa a gabansa, har zabo aka yanka masa. Kun san al'adarmu."

"An saye shi," wani ya ce daga baya, wasu suka amsa. Dattawan gaba suka fara kallon juna, don su ma al'adarsu ce. Mudi ya buɗe baki ya ce bai ci ba, amma a karo na farko a rayuwarsa maganarsa ta fita ba ta sami inda za ta zauna ba. Mutanen da ya yi shekara talatin yana cin tuwo da su suna kallonsa kamar yau suka fara ganinsa.

Sai Uzairu ya miƙe a fusace.

"Ni ba zan kare mutumin nan ba," ya ce. "Ban taɓa ganin marar mutunci irinsa ba. Sau shida matata ta dafa, sau shida na ɗauka da hannuna na kai masa, sau shida na mayar mata ba a taɓa ba. Zabon da kuke magana, nata ne, guda biyu gare ta. Da na mayar da shi zama ta yi a bakin murhu tana kuka, tana tambayata ko wani abu aka ce tana zubawa a abinci. Yau kwana huɗu ba ta fita ko maƙwabta, kunya take ji. A hanya ya kusa faɗuwa, na ajiye masa fura, ya tsallake ta kamar kashi ya sha laka. In ana so in dafa Alƙur'ani a kawo. Bai ci ba, bai sha ba, kuma ni ban yafe masa ba."

Ya zauna. Arɗo ya gyara rawaninsa ya ce shi kam bai taɓa jin shaidar da ta kai wannan ba, mutum ya wanke abokin gabansa da zagi. Ba wanda ya yi dariya sosai. Injiniya Bahijja ta rufe littafinta ta ce a tashi a je kwanar giginya yanzu, kowa ya gani.

Aka je aka gani, kuma ramin bai bar wa kowa abin faɗa ba. A bakinsa aka yanke shawara a tsaye. Za a yanka wa ruwa sabuwar hanya ta gefen gaɓa a daɓe ta da yumɓu ya kewaye ramin, Kiru za ta ba da aron tarakta, Doguwa za ta kawo duwatsu, Mashigin Gamji za su ƙara kwana ɗaya har ƙarshen rani, haƙa kuwa mazan Kwarin Tsamiya ne za su yi da hannunsu. Sale ya ajiye shugabanci kafin a ce ya ajiye. Kwana tara aka yi ana gayya, Mudi yana ciki da shebur ɗinsa, in ya matsa dama sai na dama ya ƙara gaba. A kwanakin nan bai fita ciyayya ba, ya ce gajiya ce, a gida yake ci.

Ranar Talata da hantsi ruwa ya iso Kwarin Tsamiya. Injina suka tashi ko'ina, mata suka fito da tuluna da kayan wanki, fangali ya sha har ya yi ƙyalli. Wajen rabin albasar garin ta tsira, har da ta Sale. Mudi ya tsaya a bakin gonarsa yana kallo, ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce to yanzu kam komai ya wuce.

Da yamma ya ce wa Asabe ta yi miyar kuka. Ta yi, ta sa daddawa da man shanu, ta goge langar ta miƙa masa. Bayan magariba ya ɗauka ya tafi ƙofar gidan yayansa, ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa, aka matsa masa wuri a bakin tabarma. Ya ajiye langar a tsakiya inda ya saba.

Aka jawo ta gefenta aka cinye. Aka jawo ta ɗaya gefen. Ana hirar ruwa, ana hirar farashin albasa, hannuwa suna tsallake tasa suna ɗauko ta bayanta. Ba wanda ya hana shi ci, amma da ya sa hannu a langar Sale sai ya ga sauran hannuwan sun dakata har ya cire nasa. Bai sake sawa ba. Aka gama aka wanke hannu, kowa ya ɗauki tasa a wofi. Sale ya tura ta Mudi da ɗan yatsa zuwa gabansa ya ce, "Mun gode, mun ƙoshi."

Mudi ya ɗauke ta, har yanzu da ɗuminta. Daga nan zuwa gidansa ana jiyo kukan injina a bakin rafi. Asabe na tsakar gida tana jiransa, ta karɓa, nauyin ya gaya mata tun kafin ta buɗe. Ta ɗaga murfin ta daɗe tana kallo, kamar yadda Uzairu ya yi a gindin gamji, sannan ta mayar a hankali.

"Sau shida ka ce ka yi wa matar nan?" ta tambaya.

"Shida," in ji Mudi.

Ta zauna a bakin murhu da langar a cinyarta. Ya tsaya a kanta yana kallon langar.